Lacca: Shin matsalar haƙori na iya karkatar da fuska?

Assalamu alaikum. An tambaya ko haƙori na iya sa ɓari ɗaya na fuska ya fi ɗaya. Yana iyawa. Amma kafin a ɗora masa laifi, a fara tambayar mai ciwon: yaushe abin ya soma?

In kwana 2 ne ko 3, kunci ya haye, ga zafi ga zogi, galibi kogo ne ya ci har ya kai jijiya, mugunya ta taru a gindin haƙorin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya gama aikin. Sai an fitar da mugunyar, sannan a wanke saiwar ko a cire haƙorin. In kuwa kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗago, haɗiyar yawu ta gagara, to a daren nan za a tafi asibiti, domin yana iya toshe numfashi.

Karkatar da ta ɗauki shekaru daban ce. Ku dafa kumatunku ku cije. Kun ji naman da ya taso? Shi ke tauna. Wanda ya daɗe yana gudun gefen da ke ciwo, naman ɗaya gefen kan yi kauri. Sai kuma giɓi: da zarar an cire turmi, wato babban haƙorin tauna na baya, ƙashin wurin zai fara janyewa, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi cikin wata 12. Turmi ɗaya bai cika nunawa a fuska ba, amma 3 ko 4 a jere, kunci zai lotsa.

Iyaye, ga naku. Muƙamuƙin yaro daga mahaɗar da ke gaban kunne yake girma. In ya faɗi a kan haɓa, mahaɗar ta lalace, wannan gefen zai tsaya, haɓa ta karkata can, baki ya daina buɗuwa sosai. Gwajin mai sauƙi ne: yatsunsa 3 a jere su shiga tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Gyambon dasashi mai wari kuma a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, a yi zargin cutar noma, mai cinye naman baki da fuska. Sakkwato na da asibitin wannan cuta tun 1999.

Kumburin muƙamuƙi mai tauri, marar zafi, da ke ƙaruwa wata da watanni, hoton ƙashi yake buƙata, ba tsaga ba. Wanda kuma ya wayi gari baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, wannan jijiyar fuska ce, kada a cire masa haƙori. In har da nauyin hannu ko sarƙewar magana, a garzaya da shi asibiti a lokacin.