Yi wa Kyamararka Abokiyar Zama

Assalamu alaikum. Ku dubi mutumin nan da ke tsaye a ƙofar fadar Zazzau ranar hawa. Kyamara ɗaya a kafaɗar dama, ɗaya a hagu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Wanda bai san sana'ar ba cewa zai yi burga ce kawai, so yake a san ya tara kaya. To mu ɗan tsaya a kansa mu ga abin da yake yi da su.

Ga ayarin hakimi nan ya taso, 'yan lifida a gaba, masu algaita na biye. Sai ya ɗaga ta hagu mai gajeren gilashi, ya kwashe filin kaf har da soron fada. Kafin ka ƙifta ido mahaya sun saki linzami za su yi jahi. Ya saki ta hagun ta koma kan maɗaurinta, ya cafko ta dama mai dogon gilashi, ya zuƙo fuskar mahayin daidai lokacin da doki ya turje, hannu ya tashi sama da jinjina. Jahin nan daƙiƙa nawa ne duka-duka? Da kyamara ɗaya gare shi, da yanzu yana durƙushe yana kwance wannan gilashi yana ɗaura wancan, doki kuwa tuni ya juya.

Kuma ko da ya yi sauri, ku dubi ƙurar da kofato ke tayarwa. Duk sanda ka cire gilashi, ka buɗe wa ƙura ƙofa ke nan zuwa kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Tsofaffin kyamarori ma da sauƙi, akwai madubi a gaban sensar. A yawancin na yanzu marasa madubi, kana cirewa ga sensa nan tsirara tana kallonka. Ba za ka gane ɓarnar ba sai ka koma gida ka buɗe hotunan da ka ɗauka a f/11 ko f/16, wato da ƙofar hasken gilashi a tsuke, ka ga sararin sama ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa kanamfari, a wuri ɗaya a kowane hoto. Mu da muke aiki cikin hunturun Zariya mun san wannan ciwon. Mai kyamara biyu tun a ɗaki yake ɗaura wa kowacce gilashinta, ba ya sake buɗe su sai ya dawo.

Ni dai ba hawa ne ya koya mini ba, ɗaurin aure ne, a wani zaure a Tudun Wada. Kun san yadda abin yake: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa Fatiha. Minti biyar ma wani lokaci ba a kaiwa. Ina latsawa sai kyamarata ta rubuto wani saƙo a allo, ta ƙame. Na kashe na kunna, na zare batir na mayar, shiru. Wani dattijo a gefena ya ce, "Malam mai hoto, lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau, Baba," alhali cikina ya ɗuri ruwa. Da wayar ƙanin ango na ƙarasa aikin. Ba wanda ya zage ni, amma har yau gidan nan ba su sake kirana ba, kuma sun aurar da 'ya'ya biyu bayan wannan. Ba a sake ɗaurin aure don mai hoto ya gyara kayansa.

Daga ranar na fara tara kuɗin ta biyu. Sai dai a nan ne da yawanmu ke yin kuskure. Mutum ya je ya sayo wadda ta burge shi a intanet, ya kawo ta gida, ashe ba ta haɗa komai da uwargidan ba. Batir daban, caja daban, gilashi daban, hatta wurin maɓallai daban. Ka yi wa kyamararka kishiya ke nan, kowacce da tukunyarta, kai kuma kana tsakiya kana cefane biyu. Abin da ake nema abokiyar zama ce, wadda za su ci a kwano ɗaya.

Bari in nuna muku da batir. Wannan da ke hannuna sunansa LP-E6, na Canon. Ya fito ne tare da 5D Mark II a 2008, kuma shi ne dai ke shiga 5D Mark III, da 6D, da 7D, da 60D, da 70D, da 80D. Hatta R6 mara madubi tana karɓar danginsa. Idan babbar kyamararka 6D ce ka ƙara da 80D, batura huɗu sun ishe ka su biyun, caja ɗaya, kuma duk wadda ta mutu sai ka zaro na 'yar'uwarta. Amma ka ɗauko 700D don ta fi araha, batirinta LP-E8 ne, ba ya shiga. A ɓangaren Nikon ma haka: EN-EL15 da ƙannensa suna aiki a D7000 da D750 da D810 har zuwa Z6. A garin da za a iya ɗauke wuta daren jajiberin biki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai gilashi. Na Canon masu alamar EF suna hawa manya da ƙananan kyamarorinsu masu madubi, amma masu alamar EF-S, irin 18-55 ɗin da ake haɗowa da ƙananan kyamarori, ba sa hawa 5D ko 6D. Ka duba wannan kafin ka biya.

Yanzu ga wurin da na fi so ku saurara. Ba dole ne ta biyun ta zama kwafin ta farko ba. In ka iya zaɓe, sai ta riƙa yi maka abin da ta farkon ba ta iyawa. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ƙaramar, wadda ake kira APS-C, tsakiyar hoton kawai take yankowa, don haka sai abu ya zama kamar an matso da shi. A Canon ana ninkawa da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5. Ma'ana, gilashin 70-200 ɗinka (lambobin milimita ne, gwargwadon girman lamba gwargwadon zuƙowa) in ka ɗaura shi a 80D mai ƙaramar sensa, a ƙarshensa zai ba ka kusan abin da gilashin 320 zai bayar a babbar kyamara. A Nikon kuwa 300. Ka samu ƙarin zuƙowa ba tare da ka sayi sabon gilashi ba. Ranar yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, inda jama'a suka cika maƙil kuma ba a barinka ka matsa kusa da dandamali, wannan bambancin ne tsakanin hoton fuska da hoton taron huluna.

Amma kada ka juya lissafin. Gilashi mai faɗi na 24 in ya hau ƙaramar sensa ya koma kamar 38, ka shiga ɗakin amarya ka rasa inda za ka ja da baya. Saboda haka mai faɗi ya zauna a babbar kyamara, wadda dama ita ta fi jure ƙarancin haske, dogon kuma a ƙaramar. Ni tsarina ke nan shekara da shekaru.

Tunda an ambaci ɗakin amarya, akwai wani amfani da ba za ka ji Bature ya faɗa a bidiyonsa ba. A gidaje da yawa, musamman cikin birni, namiji ba ya shiga inda mata ke kamu ko sa lalle. Maza suna ƙofar gida ko masallaci, mata suna ciki, kuma duka a lokaci ɗaya ake yi. Mai kyamara ɗaya rabin biki yake ɗauka. Mai biyu sai ya miƙa ɗaya ga abokiyar aikinsa mace, ko ƙanwarsa da ya koya wa, ta shiga ciki. Mata sun fi sakin jiki da ita, hotunan ma sun fi rai. A nan kuma za ka gode wa Allah in maɓallan kyamarorin iri ɗaya ne, don za ta iya kiranka a waya ta ce, "Yaya, hoton yana yin duhu," ka gaya mata abin da za ta murɗa ba tare da ka ga kyamarar ba.

Masu bidiyo kuma, kun san yawancin kyamarorin hoto na da suna yanke ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59. Ba lalacewa ba ce. Tarayyar Turai ce ta kasance tana ɗora harajin kyamarar bidiyo a kan duk na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye, sai kamfanoni suka tsayar da nasu saura daƙiƙa ɗaya. Sababbi irin su Sony A7 IV da R6 Mark II ba su da wannan takunkumi, amma nawa ne a cikinmu ke riƙe da su? In kana ɗaukar wa'azi ko walimar saukar karatu, kafa ɗaya a kan sanda mai ƙafa uku ta kalli malam, ka kunna ta biyun bayan minti biyar. Duk sanda ɗaya ta yanke, ɗayar na ci gaba. Ka tafa hannu sau ɗaya a gabansu bayan duk sun fara, wannan tafin zai taimake ka ka daidaita sauti wajen haɗawa. Kuma tunda wutarmu ta Najeriya mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, saita su duka a hoto 25 a daƙiƙa, shota kuma, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilun zauren biki za su yi ta rawa a ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma maganar tsufa. Shota tana da adadin bugun da aka gwada ta a kai: 5D Mark III da D750 duka 150,000 ne. A ce kana ɗaukar hoto 1,500 a biki guda, biki ɗari ke nan ka kai adadin. Wasu suna wucewa nesa, wasu ba sa kaiwa. In biyu ne, sun raba nauyin. In kuma tokumbo za ka saya, kamar yadda yawancinmu ke yi tunda dala ta yi tashin gwauron zabo, nemi a nuna maka adadin bugun kafin a yi ciniki. Jiki na iya ƙyalli, ciki ya gaji.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba. Gilashin 70-200 mai f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, ga kyamarar kanta kusan kilo, ga ɗaya a ɗaya kafaɗar, ga filasha. Ka yini da su daga ɗaurin aure zuwa dina, washegari wuyanka zai ba ka labari. Nemi maɗaurin kafaɗa mai hannu biyu, ka daina rataya su a wuya. A cunkoso kuma hannunka ya zauna kan wadda ba ka amfani da ita. Ba sai na faɗi dalili ba. In kuwa hoton fasfo kake yi a shago a Sabon Gari, inda mutum zai iya jira ko ya dawo gobe, ni a ganina ka bar maganar ta biyu tukuna, ka sa kuɗin a fitila ko gilashi mai kyau. Wanda ke karɓar kuɗin biki ne ba shi da uzuri. Kafin ka tara, ko haya ce ka yi daga abokin sana'a na ranar.

Wata iri kuma ita ce ƙaramar da ba ta aikin kuɗi. Irin su Ricoh GR da ke shiga aljihun kaftani, ko Fujifilm X100V ta 2020 da 'yan TikTok suka sa ta yi wuyar samu. Ko tsohuwar kyamararka da ɗan gilashin 50. Ka fito da dogon farin gilashi a kasuwa, kowa ya gyara zama, wani ya ɗaure fuska, wani ya ce daga wane gidan jarida kake. Ka fito da ƙarama, ka yi sallama, ka nemi izini, sai a yi dariya a ci gaba da ciniki. Da irinta nake zagaya wajen tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da ita nake hawa dutsen Kufena, don ba mai hankalin da zai hau shi da jakar kilo biyar. Waya ma tana wannan aikin, kuma ta taɓa fitar da ni kunya kamar yadda kuka ji, sai dai ba ta zuƙo nesa da kyau, ba ta kuma tayar da filashar da ka kafa.

To, ga su biyu a kan tebur, daren jajiberi. Ku matso ku ga abin da nake yi. Na farko agogo. Ina buɗe saitin lokaci a duka biyun, in daidaita su da na wayata har daƙiƙa. In ba ka yi haka ba, ka zuba hotunan a kwamfuta ka jera su bisa lokaci, sai ka ga an kai amarya kafin a ɗaura aure. Sai sunan fayil: duka biyun suna iya ba hoto lamba ɗaya, ka kwafa a wuri guda wani ya hau kan wani. Wadda ke ba da damar canza haruffan farko sai in canza, wadda ba ta bayarwa in ware mata jakarta daban a kwamfuta. Sai launi. Ba na barin kowacce ta zaɓi farinta da kanta. Ina ba su lamba ɗaya ta launin haske, misali 5200 a rana, don kada shaddar ango ta fito fara a wannan shafi na albam, ta koma ruwan madara a na gaba. Katin memori kuwa ina manna wa na babbar jan tef, na ƙaramar shuɗi.

Saura abu ɗaya. Ga ƙaramar nan, na kunna ta, na auna bangon ɗaki, na latsa sau goma. Ina yin haka ko da na yi amfani da ita jiya, domin na taɓa ganin abokin aiki ya zaro tasa ta biyu daga jaka a tsakiyar biki, bayan ta yi wata huɗu a kwance, ya tarar batirin ya kumbura ya ƙi fita.