Gudun fanfalaki don masu ciwon daji

Wani malamin firamare ne ya yi laccar nan a filin makaranta, a wani ƙauye kusa da Gaya, aka ɗauka a waya ni kuma na zauna na rubuto ta yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum. Mai gari, malam liman, iyayenmu mata da ke can baya ƙarƙashin darbejiya, ina gaisuwa. Na san da yawanku kun sha ganina da gajeren wando ina haki a hanyar gona bayan sallar asuba, har baba mai shayi ya taɓa tsayar da ni ya ce ɗan nan lafiya, gobara ce ko kare ya biyo ka? Toh yau zan ba da amsa.

Gwaggona ce sila, Allah ya jiƙanta. Ƙullutu ya fito mata a mama, aka ce daji ne, kuma kun san maganar da muke yi, wai daji ba ya son allura ba ya son ƙarfe. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe kusan shekara, ranar da aka ɗauke ta zuwa birni likita ya duba ya ce ina ma kun zo da wuri. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Bayan rasuwarta ne wani abokina ya haɗa ni da wata ƙungiya da ke tara wa masu sankara kuɗin mota da na gwaji, su kuma hanyarsu ita ce gudu, ka shiga tseren, 'yan uwa da abokai su yi alkawari duk kilomita ɗaya da ka ci ga abin da za su bayar.

Shi wannan gudun yada ƙanin wanin kilomita 42 ne da mita 195, ku ɗauka kamar daga Kano zuwa Wudil a ƙafa. A gasar Olamfik ta Landan a 1908 aka fara wannan awon. Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya cinye shi cikin awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023, ni kam sai da na haura awa biyar, kar ku yi dariya. Na Legas muka je, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yi, muka tashi daga filin wasa na Surulere muka bi ta babbar gadar nan ta Third Mainland mai kusan kilomita 12, gada kamar ba za ta ƙare ba.

Shirin wata huɗu ne. Mun fara da kaka ana yankan dawa muka shiga hunturu da shi. Satin farko kilomita uku kawai, gudu kaɗan tafiya kaɗan, kuma kocinmu ta WhatsApp yake bibiyar mu ya ce kar wanda ya ƙara sama da kashi goma cikin ɗari a kan na satin baya. Ni da taurin kai na ga ai ni manomi ne na saba wahala, na ninka, sai ga gwiwa ta kumbura, sati biyu ina sallah a zaune. Noma daban gudu daban jama'a. Ranar Asabar ake doguwar, tana hawa a hankali har ta kai kilomita 32, sannan sati uku na ƙarshe a rage a bar jiki ya huta.

Takalmi kuwa gwanjo na saya a Ƙofar Wambai, ku ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarku, ni da ban sani ba farce biyu suka yi baƙi suka fita. Basilin a cinya da hammata, in ba haka ba saɓa za ku yi. Dabino a aljihu, ruwan gishiri da sukari a gora, ƙanena na bina a keke da shi. Wajen kilomita 30 ɗin nan sukarin da jiki ya adana yake ƙarewa, ƙafa ta koma kamar turmi, a nan na tuna gwaggo a kan tabarma tana cewa ba komai da sauƙi, alhali ba sauƙin.

Iyayenmu mata, da ku nake yanzu. Ƙullutu a mama, ko jini ba lokacin al'ada ba, ko miki da ya ƙi warkewa, a je asibiti a duba tun yana ƙarami. Allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ma a 2023 aka fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta, a tambaya a asibitin sha-ka-tafi.

Na'am, ƙanena mai jar hula, tambayarka? A'a, ba sai kana da kambas ba, zo da abin da ke ƙafarka. Gobe bayan asuba a bakin rijiyar makaranta, kilomita biyu kawai za mu yi, mu dawo kafin baba mai shayi ya hura wuta.