Bangon Injin Camaro 1969: Wane Huji Na Mene Ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Amurka. Motar da ke gabana Chevrolet Camaro ce ta 1969, an sauke inji, an kankare tsohon fenti, ga bangon da ya raba inji da mazaunin direba tsirara. Kada kowa ya kawo injin walda ko fenti kusa da bangon nan sai ya san aikin kowane huji da ke jikinsa.

Ku sa wani ya shiga ciki da tocila ya haska, ku tsaya ta waje. Duk inda haske ya ɓullo ku manna tef, ku rubuta lamba, ku ɗauki hoto.

Mu fara ta gefen direba, wato hagu. Wannan babban na ƙasa na sandar sitiyari ne. Sama da shi ga inda tukunyar man birki take zama. Mai kusurwa huɗun nan na akwatin fis ne, ta nan wayoyin ciki suke haɗuwa da na inji. Akwai na wayar mitar gudu, da na wayar birkin hannu. In motar mai giyar hannu ce, za ku tarar da hujin sandar kuloci, wanda ke ɗaukar roba mai kamar ƙaramin hannun riga. Farantin nan da aka kafe da ƙusoshi biyu kuwa na Fisher Body ne, kamfanin da ya ƙera bodin motar, yana ɗauke da lambar fenti da ta kujeru. Ku bar shi yadda yake, masu saye suna duba shi sosai.

A gefen dama akwatin hita ne, da bututu biyu masu ɗaukar tiyo, ɗaya inci 5/8, ɗaya 3/4. Mota mai na'urar sanyaya iska daga kamfani yankanta a nan ya fi girma, ba ɗaya ba ne da ta mai hita kaɗai. Kusa da mazaunin fankar hita kuma an buga wani ɓangare na lambar shasin motar a jikin ƙarfe, kada injin goge ya cinye ta.

To, yaya ake gane hujin kamfani da na wani bakanike? Ku shafa da yatsa. Na kamfani bakinsa sumul, zagayensa daidai. Wanda aka huda daga baya don rediyo ko ƙararrawa yakan bar kaifi ta baya. Amma a yi hattara, wasu kayan zaɓi a kamfanin ma hudawa aka yi, a kan 'yan lotsattsun alamu da aka bari a ƙarfen. Littafin haɗa mota na kamfani shi ke raba gardama.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙananan hujojin nan da suka warwatsu. Mutum ya ɗauka na banza ne ya toshe su da walda, alhali na maɓallan da ke riƙe tabarmar hana zafi ne ta ciki. Sai an gama fenti a dawo ana huda sabon aiki. Abin takaici ne ƙwarai.

Sai zoben roba, wanda ake sa wa a bakin huji don kare wayar da ta bi ta ciki. Awo uku ake yi: faɗin hujin ya dace da tsagin zoben, kaurin ƙarfe ya dace da faɗin tsagin, ramin tsakiya kuma ya kama wayar tsam. A jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, a shafa ruwan sabulu, a tura gefe ɗaya, a bi sauran a hankali. Ban da baƙin mai ko giris, suna kumbura irin wannan roba. Waya mara zobe kuwa, girgizar mota za ta sa ƙarfe ya ci bawonta har ta haɗu da bodi, daga nan sai gobara. Hujin da aka bari a buɗe yana shigo da ruwa da zafi da hayaƙin salansa, wanda gubarsa ba ta da wari.

Hujin da kuka tabbatar ba shi da aiki, ku yanko ƙarfe mai kauri irin na bangon, ku tokare da jan ƙarfe ta baya, ku ɗiga walda kaɗan-kaɗan kuna bari yana hucewa don kada bangon ya lanƙwashe. A goge, a shafa fentin kariya ciki da waje, sannan a koma kan huji na gaba.