Amsoshin Tambayoyinku: Yadda zinariyar Tarkwa ta raya garin Sekondi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa kaɗan ne, sai mu fara.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce, shin Sekondi da Takoradi gari ɗaya ne? Hajiya, da can garuruwa biyu ne a gaɓar tekun yammacin Ghana, a 1946 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Wani ɗalibi daga Zariya kuma yana tambaya ko a cikin Sekondi ake haƙo zinariyar. A'a, ɗan makaranta, tana Tarkwa da Obuasi, can cikin kurmi. Kuma don Allah ka gyara rubutunka, sai da muka taru a kan takardar nan kafin ta karantu.

To, ga wadda ta fi yawan masu aikowa. Daga Kumasi, daga zangon Sekondi kansa, har da wani dattijo daga Kano da ya ce kakansa a can ya ci ƙuruciyarsa. Tambayarsu guda ce: yaya aka yi ƙaramin garin masunta ya zama ƙofar masu haƙar zinariya? Ga malamin tarihinmu nan tare da mu. Malam, bismillah.

"Na gode. Ai Sekondi tsohon wuri ne. Tun ƙarni na 17 Turawan Holan suka gina ganuwarsu a kan tudu, wadda ake kira Fort Orange, Ingilishi ma suka gina tasu kusa da ita, kowa na hararar kowa. Sai a 1872 Holan ta sallama wa Ingila duk wurarenta na wannan gaɓa. Ganuwar Holan ɗin tana nan har gobe, daga baya ma fitilar nuna wa jiragen ruwa hanya aka ɗora mata. Kuma in ka duba yadda aka yi ginin..."

Allah ya gafarta Malam, zinariyar fa?

"Yauwa, zinariya. Mutanen ƙasar Wasa, inda Tarkwa take, sun daɗe suna haƙarta da hannu, ba Bature ne ya nuna musu ba. Amma wajen 1877 wani Bafaranshe, Marie-Joseph Bonnat, ya fara karɓar filaye a Tarkwa, kamfanoni suka biyo baya. Sai matsala ta taso. Injin niƙa dutse ƙarfe ne mai nauyin gaske, kuma a kurmin nan ƙudan tsando ba ya barin jaki ko doki ya rayu. Sai a sauke inji a Axim, wani garin bakin teku da ke yamma da Sekondi, a kwance shi gunduwa-gunduwa, a tura shi cikin kwalekwale ta kogin Ankobra, sauran tafiyar kuma a kan 'yan dako. Wani ƙarfen ya faɗa ruwa, wani ya yi tsatsa a hanya. Kamfanoni da yawa a nan suka karye."

Masu sauraro, bari in maimaita don a riƙe: zinariya tana nan a ƙasa, abin da ya gagara shi ne kai mata inji. Shi ya sa aka fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi a 1898. Ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, Kumasi a 1903. Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, wanda Asante suka yi da Ingilishi, shi ma ya kawo wa aikin tsaiko. Daga ranar da jirgin ƙasa ya fara busa, Axim ta ja baya, Sekondi ta cika da kantuna da ma'aikata da baƙi, har da leburorin da aka ɗebo daga Legas.

Ni dai abin da ke tsaya mini a rai, Malam, mutanen bakin ruwan nan ne. A lokacin Sekondi ba shi da tasha mai zurfi, manyan jirage can nesa suke tsayawa. Matuƙa kwalekwale, 'yan ƙabilun Fante da Kru, su ne ke zuwa su tare jirgi, a sauko musu da ƙarfen dogo da buhunan siminti ta igiya, su ratso igiyar ruwa suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. Fasinja ma a kujerar katako ake ɗaure shi a zuro shi ƙasa. Sunan kamfani kowa ya sani, su kuwa ba wanda ya rubuta sunayensu, kuma a ganina an zalunce su.

Baba na Kano, kakanka wataƙila goro ne ya kai shi. Da dogo ya haɗa Kumasi da teku, fatake suka koma loda huhunan goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon doguwar tafiyar ƙasa ta Gwanja. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Wasu 'yan arewa kuma ƙwadago suka zo nema a ramukan Tarkwa.

Ta ƙarshe, daga Yamai: me ya rage wa Sekondi kasuwa? Tashar Takoradi ce mai zurfi, da aka soma ginawa zamanin Gwamna Guggisberg, aka buɗe a 1928, jirage suka koma can.

Ana yi mini alamar lokaci ya cika. Malam, mun gode. Masu tambaya a kan yajin aikin ma'aikatan dogo na 1961, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.