Waya da faifai: inda gajimaren OpenStack yake tsayawa ko ya faɗi

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa ɗalibai da malamai, na gode da wannan gayyata. Na ji yawancinku kun taɓa girka OpenStack, manhajar da ke haɗa sabar da yawa su zama gajimare, wato rumbun kwamfutoci da ajiya da ake raba wa masu amfani, a kwamfuta guda kun ga ya tashi. To, yau ina so mu duba abin da ke faruwa idan sabar ta zama uku ko goma, mutane kuma suka fara ɗora aikinsu na gaske a kai.

A 2010 hukumar NASA ta Amurka da kamfanin Rackspace suka haɗa kai suka fitar da OpenStack. NASA ta kawo Nova, wanda ke tayar da kwamfutocin ƙirƙira, wato na manhaja ba na ƙarfe ba, a cikin sabar, Rackspace kuma ya kawo Swift na ajiyar fayiloli. Da farko sadarwa da faifai duk a cikin Nova suke. Sai a 2012 aka ware Cinder domin faifai, aka ware Quantum domin sadarwa, wanda a 2013 aka sake masa suna Neutron saboda rikicin sunan kasuwanci. Nauyin ɓangarorin nan biyu ne ya fi ƙarfin a riƙe su a matsayin ƙarin aikin Nova, kuma har gobe a nan mafi yawan wahalar take.

Aikin Neutron shi ne ya bai wa kowane mai haya, wato sashe ko mutumin da aka ware wa rabonsa a gajimaren, hanyar sadarwarsa, ta yadda sashen lissafi ba zai leƙa zirga-zirgar sashen jarrabawa ba, alhali waya ɗaya suke bi. Tsohuwar dabara ita ce VLAN, wadda ke bai wa kowace hanya lambarta, amma lambobinta ba su wuce 4096 ba. Shi ya sa aka koma VXLAN, mai lambobi kusan miliyan 16. Yadda yake aiki, yana naɗe ƙunshin bayanan mai haya a cikin wani ƙunshin kafin ya tura shi, naɗin nan kuwa yana cin bayit 50. Ku rubuta wannan. Idan wayarku tana ɗaukar ƙunshi mai bayit 1500, abin da ya rage wa kwamfutar ƙirƙira 1450 ne. In ba a daidaita ba, za ka gwada ping, wato ɗan saƙon gwajin hanya, ya amsa lafiya lau, ka buɗe shafi ya maƙale, ka kwana kana zargin manhaja. Ko dai a rage girman ƙunshin a cikin Neutron, ko a ɗaga na suwic, na'urar da ke haɗa wayoyin sabar, zuwa 9000, kuma a ɗaga shi a kowace mahaɗa ba tare da an tsallake ko ɗaya ba.

Mu zo ga ajiya. Cinder yana ba ka faifai da za ka liƙa wa kwamfutarka, Swift yana karɓar fayil ta adireshin intanet, Manila yana ba da jakar da kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a kanta, Glance kuma yana riƙe hotunan manhajar da ake tayar da sabuwar kwamfuta da su. Amma Cinder da kansa ba ya ajiye komai, umarni kawai yake bayarwa. A wurare da dama, har da cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba, wani tsarin ajiya mai suna Ceph ne ke riƙe bayanan a ƙasa. Sage Weil ne ya ƙirƙire shi a lokacin karatun digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, a 2014 kuma kamfanin Red Hat ya sayi kamfaninsa, Inktank.

A nan nake so ku nutsu. Ceph a tsarinsa na asali yana ajiye kowane abu kwafi uku, a sabar uku daban-daban. Kwamfutarka ta rubuta abu, ya tafi ga faifai na farko, shi kuma ya aika wa sauran biyun, ba za a ce maka an gama ba sai duk ukun sun amsa. Ke nan saurin faifanka saurin wayarka ne. Wanda ya sayi faifai masu tsada ya haɗa su da suwic mai gigabit 1 ya zubar da kuɗinsa, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin da dala ake sayen kayan nan.

Mu yi lissafi tare. Sabar uku gare ka, faifai mai ɗauke da terabayit 10 ya mutu. Tunda kowace sabar kwafi ɗaya take riƙewa, dole a sake gina abin da ya ɓace a sauran faifan wannan sabar, duk ta wayarta. Gigabit 1 yana ɗaukar kimanin megabayit 125 a daƙiƙa, wato awa 22 ke nan in ba wanda ya taɓa wayar. Ga masu haya suna aiki a kanta, kowa na kukan jinkiri, bayanan kuma suna zaune da kwafi biyu. Da gigabit 10, awa biyu da 'yan mintoci ne. Don haka ku ware wa Ceph hanyarsa ta kwafi daban da ta masu haya.

Kada kuma ku manta, saboda kwafi ukun nan, in kun sayi terabayit 90, 30 ne a hannu. Ceph yana gargaɗi idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, a kashi 95 kuwa yakan daina karɓar rubutu.

Wani ɗalibi ya yi tambaya: Malam, idan aka ɗauke wuta fa?

Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Ceph yana da masu sa ido da ake kira mon, galibi guda uku, kuma sai mafi rinjayensu suna raye tsarin yake aiki. Biyu suka mutu, komai ya tsaya cak ko da faifan lafiyarsu ƙalau. Saboda haka kada ka jona sabar ukun a UPS ɗaya, shi ma suwic ka ba shi nasa batirin. Kafin ka miƙa wa kowa tsarin, zare wayar wutar sabar guda da hannunka da rana tsaka, ka zauna da agogo ka auna tsawon lokacin da zai ɗauka kafin Ceph ya koma nuna HEALTH_OK, wato alamar komai lafiya.