Sharhi a kan littafin Betty: uba mai tatsuniya da gida mai ɓoyayyen ciwo

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani littafin ƙagaggen labari ne mai suna Betty, wanda marubuciya 'yar ƙasar Amurka, Tiffany McDaniel, ta rubuta, kamfanin Knopf kuma ya buga shi a shekarar 2020. Littafi ne mai kauri da ya haura shafi 400, kuma marubuciyar ta gina shi ne a kan rayuwar mahaifiyarta, bayan ta daɗe tana zama da ita da sauran matan danginsu tana tambayarsu abin da suka gani a ƙuruciya.

Betty Carpenter, wadda ita ce take ba da labarin da bakinta, an haife ta a shekarar 1954, ita ce ta shida a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifiyarta, Alka, farar fata ce, mahaifinta kuwa, Landon, ɗan ƙabilar Cherokee ne, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka. Bayan shekaru suna yawo daga wannan jiha zuwa waccan neman abin kaiwa baka, sai iyalin suka yada zango a wani gari da marubuciyar ta ƙirƙira ta sa masa suna Breathed, a jihar Ohio, a gindin tsaunukan Appalachia, cikin wani tsohon gida da mutanen gari ke cewa akwai la'ana a kansa. A nan Betty ta girma, kuma da yake ita ce ta fi ɗauko launin fatar mahaifinta da baƙin gashinsa, ita ce ta fi shan gori da tsangwama a makaranta, daga 'yan ajinsu har malamai.

Wanda bai san tarihin Cherokee ba, ba zai gane nauyin da Landon yake ɗauke da shi ba. Asalin wannan al'umma a kudu maso gabashin Amurka take, a yankin jihohin Georgia da Tennessee da Carolina ta Arewa. Suna da harshensu da tsarin mulkinsu, har wani mutuminsu mai suna Sequoyah ya ƙirƙiro musu salon rubutu a shekarar 1821, suka kuma fara buga jaridarsu a 1828. Duk wannan bai hana gwamnatin Shugaba Andrew Jackson kafa dokar tayar da 'yan asalin ƙasa a 1830 ba, kuma tsakanin 1838 da 1839 sojoji suka tasa ƙeyar kimanin mutum dubu 16 zuwa yankin da yanzu ake kira Oklahoma. An ƙiyasta cewa wajen dubu 4 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta, shi ya sa har yau ake kiran wannan tafiya Hanyar Hawaye. Landon na cikin littafin jikan irin waɗannan mutane ne da aka raba da ƙasarsu, yana zaune shi kaɗai a tsakiyar fararen fata, ba shi da dangi kusa, ba shi da dukiya, har ƙafarsa ta naƙasa sakamakon dukan da abokan aikinsa suka yi masa a mahaƙa saboda launin fatarsa. Abin da ya rage masa na gado shi ne sanin saiwoyi da ganyayen magani, da iya noma, da kuma baki mai iya shirya labari.

A wajen zana wannan uba ne marubuciyar ta nuna gwanintarta. Landon ba ya barin tambayar yaro ta wuce ba tare da ya amsa ta da tatsuniya ba. Ya taɓa gaya wa Betty cewa zuciyarsa ta gilashi ce, kuma akwai wani ɗan tsuntsu a cikinta. A lambunsa yana shuka masara da wake da kabewa wuri guda, kamar yadda manoman 'yan asalin Amurka suka saba tun kaka da kakanni, suna kiran amfanin gonar uku 'yan'uwa mata uku: masara ta miƙe wake ya hau jikinta, wake ya ƙara wa ƙasa taki, kabewa kuma ta shimfiɗa ganyenta ta rufe ƙasa don kada danshi ya gudu. Manominmu da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan hikima. Landon ya raba wa 'ya'yansa mata uku waɗannan sunaye, Fraya ce masara, Flossie ce wake, Betty kuma kabewa, wadda aikinta shi ne ta yi wa 'yan'uwanta inuwa. Yana kuma yawan tuna musu cewa a al'adar Cherokee ta jinin uwa ake lissafin dangi, gida da gona na mace ne, kuma ana jin maganarta a sha'anin jama'a. Wannan ba ƙirƙirar marubuciya ba ce, haka tsarin al'ummar yake kafin zuwan Turawa ya jirkita shi.

To amma fa, masu sauraro, abin da ya sa littafin ya wuce labarin uba nagari da 'yarsa shi ne, mafi munin cutar da ke cin wannan iyali daga cikin gida take fitowa. Tun Betty tana ƙarama mahaifiyarta ta zaunar da ita ta bayyana mata cewa mahaifin ita Alka, wato kakan Betty, ya keta mata haddi tun tana yarinya, uwar Alka kuma ta sani ta yi shiru. Daga baya Betty ta gani da idonta cewa babban wansu yana yi wa yayarta Fraya irin wannan ta'asa. Yarinyar da aka ce ita ce mai yin inuwa sai ta tsinci kanta da sirrin da ya fi ƙarfinta, an kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta rubuta abin da ta gani a takarda, ta cusa a kwalba, ta binne a ƙasa.

A nan ne nake ganin littafin ya faɗi magana mai nauyi, ko da yake bai fito ya faɗe ta ƙarara ba. Tatsuniyoyin Landon sun ba Betty abin da za ta tsaya a kai idan an zage ta a makaranta, sun sa ta daina jin kunyar fuskarta, su ne kuma suka mayar da ita marubuciya. Sai dai mutumin da ya san sunan kowace ciyawa a daji bai ga abin da ke faruwa da 'yarsa a ƙarƙashin rufinsa ba. Yana koya musu darajar mace a zamanin kakanninsa, alhali matan gidansa suna haɗiye baƙin ciki don kada su fasa masa zuciyar nan ta gilashi. Mai karatu zai so Landon ƙwarai, amma mai karatu mai lura zai tambayi kansa ko wannan ƙauna ba ta cikin abin da ya ɗaure bakin Betty.

Littafin yana da nasa rauni. Musibu sun yi yawa, mutuwa na bin mutuwa, har ta kai mai karatu ya fara zaton kowane babi da masifar da aka tanadar masa, kuma idan aka kai wannan matsayi sai zafin abin ya fara dusashewa. Harshen ma a wasu wurare ya cika ado, ta yadda yaro ɗan shekara bakwai zai buɗe baki ya yi magana kamar tsohon mawaƙi. Haka nan, duk wanda ya ɗauki littafin da nufin sanin rayuwar Cherokee ta yau zai tashi da ɗan kaɗan, domin al'adar ta zo ne ta bakin mutum ɗaya da ya yi nisa da jama'arsa, kuma da wuya a rarrabe abin da ya gada da abin da ya ƙago don ya lallashi 'ya'yansa. Ba a ga majalisarsu da ke Tahlequah a Oklahoma ba, ba a ga ƙoƙarin da suke yi na raya harshensu ba, ba a kuma ji labarin irin su Wilma Mankiller ba, macen da ta zama shugabar al'ummar a 1985. Ban ɗauki wannan laifi babba ba, tun da marubuciyar labarin gidansu ta zo bayarwa, amma ya kamata mai karatu ya san iyakar abin da ke hannunsa.

McDaniel ta bayyana cewa ta fara rubuta wannan labari tun tana budurwa, kuma ya yi kusan shekara 20 kafin ya sami fitowa, saboda masu harkar ɗab'i suna ganin ya yi duhu da yawa kuma ya cika maganar mata. Sai da ta fitar da wani littafin a 2016 kafin ƙofa ta buɗe wa wannan. Da ya fito kuwa, fassararsa ta Faransanci ta sami karɓuwa sosai, har ta ci lambar yabo ta Fnac, wani kamfanin sayar da littattafai, a Faransa a shekarar 2020.

Ko da yake yarinya ce ke ba da labarin, littafin na manya ne. Akwai wuraren da aka kwatanta cin zarafin mata da cutar da dabbobi dalla-dalla, don haka iyayen da ke tunanin miƙa shi ga matasansu su fara karanta shi da kansu tukuna, wanda kuma ya taɓa shiga irin wannan hali ya san abin da zai tarar tun kafin ya buɗe shafin farko.