Ta Yaya Ake Auna Rigima?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Hanyoyi uku zan kawo da masana halayyar ɗan Adam ke bi wajen auna yadda mutane ke warware saɓani.

Ta farko takardar tambayoyi ce. A 1974 Kenneth Thomas da Ralph Kilmann suka fitar da tasu: tambaya 30, kowacce da jimla biyu, ka zaɓi wadda ta fi kama da halinka. Daga nan a ga inda ka fi karkata cikin salo biyar: mai sai-tawa-ta-yi, mai kauce wa magana, mai sakar wa abokin saɓani, mai a-raba-biyu, da mai zama a nemo abin da zai gamsar da kowa. Tana da amfani, amma wa ke cika ta? Kai da kanka. A nan akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce shi ne mai taurin kai a gidansu? (Dariya.) Kun gani.

Shi ya sa hanya ta biyu, wato aikin masanin halayyar ɗan Adam John Gottman, ke burge ni, wallahi yana burge ni. Shi da Robert Levenson a Amurka suka zaunar da mata da miji, aka maƙala musu na'urar auna bugun zuciya da gumin tafin hannu, aka kunna kyamara. Sai a ce su ɗauko maganar da suka saba rigima a kanta, su yi minti 15. Minti 15 kawai! Bayan nan ma'aikata su bi hoton daƙiƙa bayan daƙiƙa: nan ta harare shi, nan ya taɓe baki, nan ta saki murmushi wuta ta lafa. Abubuwa huɗu suka fito a matsayin alamun haɗari: suka, raini, kare kai, da toshe kunne. Raini ya fi duka muni. Ku riƙe wannan, raini. Ma'auratan da aurensu ya ɗore kuwa, ko suna tsakiyar faɗa, kowace magana mai zafi ɗaya tana samun kusan biyar masu sanyi.

Ta huɗu... a'a, ta uku ko? Rubuta abin da ya faru kullum kafin a kwanta, don kada mantuwa ta gyara labari. Na'am, malama, ga hannunki.

"Malam, wanda ya yi shiru don haƙuri fa, shi ma ya toshe kunne ke nan?"

Yawwa, zauna. A takarda, sau da yawa kusan wuri ɗaya suke faɗawa. Na'urar ce ke taimakawa: idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya sauraro sosai, ko da fuskarsa a sake take. Shawarar Gottman ita ce a tashi, a huta aƙalla minti 20, a kuma dawo kan maganar. Abin da za ki duba, malama, shi ne ko mai shirun ya dawo.